Mai gyaran gas da hancinsa da kunnensa yake fara aiki

Wanda ya iya gyaran murhun gas ba da sukudireba yake farawa ba. In aka kawo masa wanda ya ƙi kamawa, daga ɗakin amarya ne ko daga teburin mai shayi a bakin titin Aujara, zai rufe komai, ya sa a ajiye tukunyar gas ɗin a fili, ya shinshina. Gas ɗin girki ba shi da wari a asalinsa. Masu sarrafa shi ne ke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya gane in yana zurara. Ya kuma fi iska nauyi, sai ya kwanta ƙasa, ya taru ƙarƙashin gado ko a lungun ɗaki. In warin nan ya tashi, babu ashana, babu taɓa makunnin lantarki, sai an buɗe ƙofa da taga ya fice.

Sana'ar ba ta tsufa ba a ƙasar Jahun. Itace da kara da gawayi su ne har yau ke dafa yawancin tuwon garin, risho kuwa tsadar kananzir ta tura shi ƙarƙashin gado. Gurbinsa ne ƙananan tukwane masu kilo 3 da kilo 6 suka shiga, waɗanda ake ɗaura wa kai a bisa, sai mai kilo 12.5 da ke tafiya da tiyo zuwa murhun tebur. Abu ya shigo gida, amma sanin cikinsa bai biyo shi ba, sai a hannun 'yan tsiraru.

Yaron da aka aiko da murhun zai ce, "Malam, Hajiya ta ce jiya ma an ɗura masa." Mai gyara ba zai musa ba, amma zai ɗaga tukunyar ya jijjiga. Gas a ciki ruwa ne, ana jin motsinsa, kuma nauyin tukunyar in babu komai yana rubuce a jikinta, sikeli na iya raba gardama. Daga nan sai ya murɗa makunni, ya kara kunne. Wannan sauraron shi ke raba aikin gida biyu: in akwai huci amma babu wuta, laifin na ƙyastu ne; in babu hucin, gas ne bai iso ba.

Na farkon ba ya cin lokaci. Ya ƙyasta ashana, in wuta ta kama, to ɗan tsinken da ke fitar da tartsatsi ne ya jiƙe, ko maiƙo ya rufe shi, ko wayarsa ta zame. A goge, a shanya, a mayar.

Na biyun ne ke nuna gwani. Yana bin hanyar gas daga tukunya zuwa kan murhu, gaɓa bayan gaɓa, ba ya tsallake. Akwai 'yar baƙar roba a bakin tukunya; in ta tsage ko ta faɗi a wurin ɗuri, regileta ba za ta zauna daidai ba. Wasu regiletocin kuma suna da ɗan ƙarfe a ciki da ke toshe hanya idan gas ya kwararo da ƙarfi lokaci guda, don tsaro aka yi shi. Mai gida sai ya ɗauka ta lalace, alhali maganinta a rufe murhu, a cire ta, a dakata kaɗan, a mayar, a buɗe a hankali. Tiyo ma yakan lanƙwashe a bayan tebur, ko zafi ya busar da shi, ko ɓera ya ɗanɗana.

In duk waɗannan lafiya lau, sai a iso jet, ɗan tagullar da gas ke fita ta hudarsa, wadda da ƙyar ido ke ganinta. Wake ya tafaso ya zubo, kunu ya malalo, ƙurar hunturu ta haɗu da mai, shi ke nan ta toshe. Bututun da ke gabansa, inda gas ke jan iska su gauraya, wurin kwanan gizo-gizo ne, zanzaro ma yakan yi gini a ciki in murhu ya daɗe a ajiye. A nan ne nake gane wanda ya iya da mai karambani. Mai karambani allura yake zurawa, ya buɗa hudar jet ɗin, wuta ta tashi ja, kowa ya ce an gyara. Bayan mako gindin tukunyar girki ya yi baƙi, gas yana ƙarewa da wuri, hayaƙin da ba a gani yana sa ciwon kai a ɗakin da ba iska. Gwani kuwa sili ɗaya na wayar lantarki yake zarowa, mai laushi, ya zura a hankali, ya hura, ya ɗaga jet ɗin sama ya leƙa har sai ya hango haske zagayayye.



Kama wuta ba shi ne ƙarshen aiki ba. Zai duba launinta: shuɗiya ake so, gajeriya, zaune daram a kan hudojin. In ta yi rawaya, iska ta yi mata kaɗan. In tana tsalle tana barin kan murhu da ƙugi, iskar ta yi yawa, sai ya gyara ƙofar iskar. Sannan ya kaɗa omo a ruwa, ya shafa kumfar a bakin tukunya da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe, ya zuba ido. Inda kumfa ta kumbura, nan gas ke fita, kuma ba zai bar yaro ya ɗauki murhun ba sai ya ɗaure wurin ko ya sauya tiyon.