Kewar wasannin da a ƙasar Magarya da Dungas

Duk inda hira ta biyo ta kan tele a Magarya, ko Bande, ko Waca, ko Dungas, da wuya a tashi ba a ji wani dattijo ya ce wasan da ya fi na yanzu ba. Waɗanda suka haura shekara 50 sukan ambaci Yazi Dogo da ƴan wasan gidan rediyon Damagaram, su haɗa da Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero na ƙetaren iyaka. Na bayansu kuwa Ibro da Sangaya ne a bakinsu. In aka tambayi dalili, amsa ɗaya ake samu kusan ko'ina, wato wai wasan da akwai tarbiyya, na yanzu babu. Wannan amsa tana da daɗin faɗi, amma ta rage wa waɗancan wasanni daraja, domin ta mai da su wa'azi kawai, alhali abin da ya riƙe mutane a gaban akwatin ya wuce wa'azi nesa.

Sai an tuna yadda tele ta shigo karkara kafin a fahimci wannan kewa. A Nijar tele ta fara ne a matsayin kayan koyarwa a lakwal tun 1964, ba ta zama ta jama'a baki ɗaya ba sai a 1979, zamanin Seyni Kunce. Gwamnati ta rarraba akwatuna a garuruwa, wasu masu aiki da hasken rana, aka ajiye su a dandali domin kowa da kowa. Tasha ɗaya ce, akwati ɗaya ne, kuma mafi yawan shirye-shiryen da Faransanci ake yin su. Saboda haka daren da za a saka wasan Hausa ya zama daren da gari ke jira. Yara a gaba bisa rairayi, mata a gefe, magidanta a baya suna yi kamar ba kallo ya kawo su ba. Washegari maganar da ɗan wasa ya yi ta shiga kasuwa da bakin rijiya, har a laƙaba wa wani maƙwabci sunan wanda aka yi wa dariya jiya. Rabin abin da ake kewa ke nan, kuma ba a cikin wasan yake ba, a cikin taron yake. Wanda yake kallo shi kaɗai a wayar salula ba zai same shi ba ko da an ba shi wasan sukutum.

Sauran rabin kuwa yana cikin aikin kansa. Ƙungiyar Damagaram ba ta aiki da rubutaccen wasa. Ƴan wasan, waɗanda akasarinsu malaman makaranta ne da ma'aikata, sukan zauna su tsai da jigo, su yanka labarin fitowa-fitowa, su raba wa kowa matsayinsa, sa'an nan kowa ya nemo maganarsa da kansa a wajen gwaji. Abin da ya ba da dariya a riƙe shi, abin da ya mutu a zubar. Baturiyar Amurka Janet Beik, wadda ta bi ƙungiyoyin wasa na Nijar ta fitar da littafi a kansu a 1987, ta ɗauki wannan wasa a matsayin adabin baka na zamani, kuma ta yi daidai. Dangin tatsuniya ne da wasan Gauta da barkwancin taubasai, sai dai an ɗora shi bisa dandamali an kafa masa kyamara.

Daga nan ƙarfinsa ya fito. Tun da ba alƙalami ne ya tsara maganar ba, kowane ɗan wasa dole ya saurari mutane da kunnen basira kafin ya kwaikwaye su. Mai kallo yakan gane ko wane ne ya shigo tun daga gaisuwarsa. Alhaji ɗan kasuwa yana da irin rantsuwarsa da yadda yake jan magana in an zo batun bashi. Malamin tsibbu yana yayyafa Larabcin da bai gama nuna ba. Ma'aikacin biro yana tsarma Faransanci a tsakiyar Hausa domin ya tsorata baƙauye, shi kuma baƙauyen yana juya kalmar yadda kunnensa ya ji ta, sai ma'anar ta kife, sai dariya ta ɓarke. Wannan dariya ba ta banza ba ce. A ƙasar da takardar hukuma take zuwa da harshen da talaka ba ya ji, ganin an mai da wannan harshe abin wasa wata irin ramuwa ce. Abin da Usman Baba Pategi ya yi ke nan a Kaduna da Samanja Mazan Fama. Tsohon soja ne, ya ɗauko Hausar bariki mai gauraye da Ingilishi ya yi mata riga, har mutanen da ba su taɓa taka bariki ba suka iya ta. Mutanen Magarya sun san muryoyin Kaduna ta rediyo tun kafin su ga fuskokin masu su, don haka ƙungiyoyin biyu a kunnensu ƴan gida ɗaya ne, illa dai kowa da Baturen da ya ɓata masa harshe.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi iyakar waɗannan wasanni, musamman ga masu cewa duk alheri a can baya ya tsaya. An yi su ne a gidan gwamnati, da kayan gwamnati, a zamanin mulkin soja. Kunce ya farfaɗo da samariya, aka kafa bikin matasa na ƙasa daga 1976, inda jahohi ke gasar wasa da waƙa, kuma jigogin da ake so sanannu ne: tsadar aure, cirani, almubazzaranci, cin hanci, kai yara lakwal, zuwa asibiti maimakon wajen boka. Ana iya yi wa ɗan ƙaramin ma'aikaci tsiya son rai, amma ba a ɗaga ido a dubi wanda ya fi shi. Ƙarshen wasa kuma sau da yawa a gaban mai gari ko wani wakilin hukuma yake tsayawa, a jera wa mai laifi nasiha, a sallami jama'a. Wannan fitowa ta ƙarshe, wadda ita ce tarbiyyar da ake yabo a yau, ita ce mafi rauni a wasan. Ba wanda ke tuna nasihar mai gari. Abin da ya zauna a kai shi ne wayon maƙaryaci kafin a kama shi.

Game da silima ta ƙasa, magana ba ta da tsawo, don ba ta iso nan sosai ba. Umaru Ganda ya kai Cabascabo bikin Kan na Faransa a 1969, ya ciwo babbar kyautar Fespako a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame, amma finafinansa sun fi yawo a bukukuwan waje bisa ga ƙauyukan gabas, kuma ba da Hausa suke magana ba. Wanda ya fi kusa da zuciyar Damagaram shi ne Si les cavaliers na Mahamane Bakabe, na 1982, a kan abin da ya faru a 1906 lokacin da Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya musu tawaye suka tuɓe shi.

Abin da ya kawar da akwatin dandali daga kudu ya zo. Magarya da Dungas ƙasashen iyaka ne, naira tana yawo a kasuwanninsu, mutanensu suna cin kasuwar Maigatari da ta Ɓaɓura kamar ta gida. Bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kaset ya bi hanyar da atamfa da man fetur suke bi. Gidajen kallo masu janareta suka buɗe, inda dā ma ake nuna finafinan Indiya. Da Sangaya ya fito a 1999, waƙa da rawa suka zama ginshiƙin fim, maganar fatar baki ta koma baya. A nan ne masu kewa suke da hujja ta gaske, ko da yake ba ita suke kawowa ba: fim ɗin soyayya ya sa kowa yana magana da murya ɗaya, saurayi da uba da direba duk Hausarsu ɗaya, mai santsi, marar gari. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, shi ne ya riƙe tsohuwar hanya ta ƙago magana nan take, shi ya sa dattijon da ke ƙyamar fim ɗin Kano yakan saki fuska in Ibro ne. Abin lura kuma, Sangaya ɗin da ƴan shekara 40 suke ambata yau a matsayin fim mai kunya, irinsa ne aka yi ta kuka da shi a lokacinsa, har Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001.

Akwai bambanci ɗaya tsakanin kewar biyu, kuma shi ya kamata ya dami malamai. Mai son Ibro ko Sangaya zai same su a waya cikin minti kaɗan. Mai neman wasannin Damagaram guntaye zai tarar. Wasan da ba a rubuta ba a wuri biyu kawai yake zaune, a kan kaset da kuma cikin kan waɗanda suka yi shi, ga shi kaset ba ya shiri da zafi da ƙura, mutum kuma ba ya dawwama. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, ya yi shekaru ana ɗaukar ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar hukumar finafinai ta Najeriya, aka gyara shi, aka nuna a Balin ta Jamus a 2018. Ya yi sa'a ne, kuma ba kowane aiki ke samun irinta ba. Nazarin da aka yi a kan wasan Nijar kuwa, na Beik da Ingilishi yake, na Shu'aibu Ɗan Inna a kan Yazi Dogo da Faransanci, harsunan da wasan ya yi suna wajen yi musu ba'a.

A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, a 2025 kuma dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Malamin Hausa a Yekuwa ko Malawa ko Dogo-Dogo kullum kukansa rashin abin karantawa mai ɗanɗanon gida. Wasa ɗaya na ƙungiyar Damagaram, in aka saurare shi aka rubuta shi kalma bayan kalma yadda aka faɗe shi, ba tare da an gyara karin harshen ya koma na Kano ba, zai ba aji darasin gaisuwa da habaici da zambo da aron kalmomi na wata guda. Aikin bai fi ƙarfin ƙungiyar al'adu ta gunduma ba: kwafin wasan daga gidan rediyo, malamai biyu ko uku masu kunne, da wani tsohon ɗan samariya da zai zauna tare da su ya warware musu inda maganar ta shige duhu.