Makiyayin Andalus da Mai Shagon Tanja: Bitar The Alchemist

Abin da aka fi riƙewa daga littafin The Alchemist na Paulo Coelho shi ne alkawarin da ke cikinsa: idan mutum ya so abu da zuciya ɗaya, duniya da abin da ke cikinta za su taru su kai shi gare shi. Masu koyar da nutsuwa da kyautata niyya sun daɗe suna kafa hujja da wannan, har wasu na ganin zama shiru da kyakkyawan zato sun isa su jawo buri har gida. A ganina labarin ya fi alkawarin nasa hankali, kuma don haka nake son sa.

Coelho ɗan Brazil ne. Littafin ya fito da harshen Fotugis a 1988, aka fassara shi zuwa Turanci a 1993, yanzu kuma ana karanta shi cikin harsuna fiye da 60. Santiago, wani yaro makiyayi a Andalus, ya yi mafarki sau biyu cewa akwai dukiya binne kusa da dalar Masar. Ya sayar da tumakinsa ya haye teku, ranar da ya sauka Tanja kuma aka yi masa ƙarƙaf. Wanda ya san Dare Dubu da Ɗaya zai gane ƙashin labarin, domin akwai hikayar mutumin Bagadaza da mafarki ya kai Alƙahira, alhali arzikinsa na binne a gidansa.

Inda littafin ya fi armashi shi ne shagon mai sayar da kayan gilashi. Nan yaron ya yi kusan shekara yana goge kofuna, ya kafa teburin baje kaya a bakin ƙofa, ya kawo dabarar sayar da shayi a kofunan ga masu hawowa tudu a gajiye. Ciniki ya buɗe. Mai shagon kuwa Musulmi ne da ya ɗauki shekaru yana burin sauke farali, yana kallon alhazai na wucewa ta ƙofarsa, har da waɗanda ba su kai shi samu ba. Niyyarsa tsarkakakkiya ce, kullum Makka na ransa, amma tsoro yake idan ya je ba shi da sauran abin da zai rayu dominsa. Coelho bai wulaƙanta dattijon ba, ya rubuta shi da tausayi, har mai karatu ya ji tamkar ya san shi a unguwa. Da zurfin tunani da kyakkyawar niyya kaɗai na kai mutum, da wannan bawan Allah ya riga Santiago isa.

Shirun sahara ma yana da amfani a labarin. Bayan ya bar shagon ya shiga sahara, a can yaron ya koyi sauraron zuciyarsa, ya rarrabe tsoro da gargaɗi. Sai dai a cikin tafiya yake wannan tunani, ba a zaune ba. Mai karatu Musulmi zai tuna umarnin ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali.

Littafin yana da rauni. Fatima, budurwar da ya haɗu da ita a zangon dabino, ba a ba ta wani buri ba sai jiran namiji. Wurin da yaron ya rikiɗa ya zama iska ya yi tsawo, wa'azin ya danne labarin. Abin da ya fi damuna shi ne, alkawarin nan na iya sa wanda fari ya kashe wa garke ko yaƙi ya raba da gida ya ɗauka ƙarancin niyyarsa ne ya jawo masa, kuma Coelho bai tsaya ya ba irin wannan mutum amsa ba.

Duk da haka zan miƙa shi ga matashin da ke tsoron fara sana'a ko komawa karatu. Gajere ne, harshensa mai sauƙi, ana iya gama shi a zama biyu. Zan dai roƙe shi ya karanta sashen shagon a tsanake.