Mana da makari: tarke a kan tsarin sihiri a wasannin kwamfuta, daga mahangar Adar

1. Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi wani nau'in labari da bai shiga manhajar sashenmu ba, amma ya riga ya shiga aljihun samari daga Birnin Ƙwanni zuwa Malbaza da Illela, ta hanyar wayar salula. Muna nufin wasan da Faransawa ke kira jeu de rôle, inda mai wasa yake shiga rigar tauraron labari, ya yi tafiya, ya yi yaƙi, ya jefi abokan gaba da sihiri. Ba za mu taɓo jigon waɗannan wasanni ko zanensu ba. Za mu tsaya a kan abu guda, wato ƙa'idar da sihiri yake bi a cikinsu. Dalilinmu kuwa shi ne, marubucin ƙagaggen labari yana iya barin sihiri cikin duhu, amma mai tsara wasa ba shi da wannan dama. Tilas ya gaya wa na'ura abin da sihiri yake ci, da abin da yake haifarwa, da lokacin da yake ƙarewa, kuma da lambobi zai gaya mata. Ke nan ƙa'idar ita ce ra'ayinsa game da duniya, ko ya sani ko bai sani ba, kuma tarke yana da hurumin bincikarta kamar yadda yake bincikar salo.

2. Yadda ake jifa

Tsari mafi daɗewa shi ne na hadda. Ya fito daga littafin Jack Vance, The Dying Earth (1950), ya shiga wasan teburi na Dungeons & Dragons (1974), daga nan ya gangaro zuwa wasannin kwamfuta irin su Baldur's Gate (1998). Masihirci yakan haddace ƴan kalmomin jifa kafin ya kwanta. Da zarar ya furta ɗaya sai ta goge daga kansa, ba zai sake samunta ba sai ya huta. Na biyu shi ne na haɗi. A cikin Ultima IV (1985) akwai kayan haɗi takwas, ciki har da tafarnuwa da saƙar gizo-gizo. Shida ana saye a kanti, biyu sai an nemo su a daji. Duk wanda ya taɓa ganin shimfiɗar boka a kasuwa zai gane wannan tsari ba tare da tafinta ba.

Amma wanda ya yi rinjaye shi ne na uku, na ma'auni, wanda ake gani tun daga Dragon Quest (1986) har zuwa Skyrim (2011). A gefen allo akwai lamba, ko wani zirin shuɗi. Kowace jifa tana da farashinta: in ka jefa wuta ziri ya ragu, in ya ƙare ka tsaya ya ciko, ko ka sha wani ruwa ya cike maka shi. Ba shi da bambanci da kwalbar isansi ta bakin hanya da ɗan kabu-kabu ke juyewa a tanki. Sunan da aka fi kiran wannan mai da shi shi ne mana.

Tarihin kalmar ya cancanci a tsaya a kansa. Ta tsibiran tekun Pasifik ce. Wani ɗan mishan, Robert Codrington, shi ya yaɗa ta a Turai da littafinsa The Melanesians (1891). Hubert da Mauss suka ɗora nazarinsu na sihiri a kanta a farkon ƙarni na 20, sannan a 1950 Lévi-Strauss ya nuna cewa kalma ce da ba ta da tsayayyar ma'ana, shi ya sa take ɗaukar duk abin da aka zuba mata. Wanda ya mai da ita haja mai ƙarewa shi ne marubucin Amurka Larry Niven, musamman a littafinsa The Magic Goes Away (1978), wanda ya fito ƴan shekaru bayan rikicin man fetur na 1973. Saboda haka kwatancenmu da isansi ba ba'a ba ce. Kalmar da masu ita suke nufin kwarjini da dace da ita, ta ratsa ɗakunan nazarin Turai, ta fito a matsayin lita.

3. Abin da harshe yake nunawa

Inda Faransanci yake wadatuwa da magie, Hausa tana rarrabewa. Sihiri kalmar malamai ce, daga Larabci, kuma tana ɗauke da hukuncinta. Tsafi yana da wuri da yanka, yana da alaƙa da Azna. Siddabaru rufa-ido ne na dandali. Maita ba a sayenta da daɗin rai, galibi gadonta ake cewa ana yi. Magani kuwa ya game kome, daga saiwar zazzaɓi har zuwa maganin ƙarfe na ƴan tauri. Sai asiri, wadda ita ce ta fi jan hankalinmu, domin kalma ɗaya ce take nufin ƙarfin da kuma ɓoyuwarsa. Wanda asirinsa ya tonu ya rasa duka biyun.

A nan ne saɓanin farko yake. Wasa yana baje kome a kan allo: sunan jifa, farashinta, yawan jinin da za ta zubar. Mai wasa ya san nasa, sau da yawa ya san na abokin gabansa. A tunanin Bahaushe kuwa, baduhu da layar zana da sagau da kau-da-bara ba sa ƙarewa don an yi amfani da su. Karyewa suke yi. Kowanne yana zuwa da sharaɗi, abin da mai shi ba zai ci ba ko ba zai taɓa ba, kuma kowanne yana da makari, wato abin da yake warware shi in an sani. Tatsuniyoyinmu cike suke da wannan zubi: ba a cin dodo da ƙarfi, sai an lallashi wata tsohuwa, ko matarsa, ta faɗi inda ransa yake. Yaƙin na neman labari ne, bugun ƙarshe cikon ƙa'ida ne kawai.

Kada a ɗauka muna cewa ƙidaya baƙuwa ce a wurinmu. Mai wuridi yana ƙirga adadi, mai hatimi yana lissafin haruffa, boka yana yanka kwanaki. Sai dai lambar tana wajen biya ne, ba ta lamunce sakamako. Ana iya cika adadi abu ya ƙi ci, a ce an saɓa sharaɗi, ko an tarar da wanda ya fi shiri, ko kuma Allah bai nufa ba. A wasa kuwa, wanda ya biya ya samu.

4. Shaidar rubutaccen adabi

Cikin littattafai biyar da Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar bayan gasar 1933, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East shi ne ya fi fito da farashin asiri. Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainabu. Abubakar ya bar gida, ya sha wahalar daji, ya samo abin ramuwa. Jifar ta ci, amma a kan wa? A kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, wanda ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin mahaifinsa. Shi ma Abubakar bai ci ribar kome ba. Jifa ɗaya ce tak a littafin, kuma ta cinye gida biyu da shekaru masu yawa. Ba mu ga yadda zirin shuɗi zai ɗauki wannan ba, tunda amfaninsa shi ne ya ciko a sake jifa, a manta da ta baya.

Misali na biyu ya fi kusa da gida, ya kuma fi nauyi. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu a ƙasar Arewa. Garin ya faɗi, Sarauniya da mutanenta suka janye cikin kurmi. A watan Mayu rundunar ta ƙone Birnin Ƙwanni, ta yi kisan da har yau ba a manta ba. A watan Yuli, bayan Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsai da shi, sojojin rundunar da kansu suka kashe hafsoshin biyu. Abdoulaye Mamani, a littafinsa Sarraounia (1980), da Med Hondo a fim ɗin da ya ciro daga gare shi (1986), sun haɗa waɗannan abubuwa da zare ɗaya, wato tsoron Sarauniya da ya shiga zukatan sojojin. A ganinmu gwanintar Mamani ita ce bai auna ƙarfinta ba. Asirin yana aiki ne a kunne, cikin raɗe-raɗin sansani da dare, kuma mai karatu yana da ƴancin ya ce tsafi ne ko ya ce gajiya ce da nauyin jini.

To, a ce gobe wani matashi a Tawa ko Yamai ya ɗauki wannan labari ya mai da shi wasa, bisa tsarin da ya tarar. Zai ba Sarauniya ƙwallon wuta da ma'auni. Daga nan hanya biyu gare shi. Ko ta ci yaƙin Lugu, ya zama an yi wa tarihi ƙarya, an kuma share mamatan Ƙwanni, tunda rundunar ba za ta iso can ba. Ko kuma ta janye don manta ya ƙare, ya zama an mai da ita ɗan kabu-kabun da bai yi lissafin hanya ba. Dukansu biyun sun fi abin da Mamani ya bari talauci.

5. Aurion da tambayar wa ke bisa wa

An riga an gwada wani abu mai kama da haka a Kamaru. Aurion: L'Héritage des Kori-Odan, na kamfanin Kiro'o Games da Olivier Madiba ya kafa a Yawunde, ya fito a 2016. Tauraronsa, Enzo, sarkin Zama ne, wanda ɗan'uwan matarsa Erine ya kifar a ranar naɗinsa da aurensa. Ƙarfin da yake yaƙi da shi daga kakanni yake zuwa, kuma sai ya san kansa da asalinsa sannan ya ƙaru. Wannan ci gaba ne na gaske, mun yaba, domin ya mai da ƙarfi gado maimakon haja. Amma da an shiga fagen fama sai tsohon tsari ya dawo: ƙarfin kakannin ma yana da ma'auninsa a kan allo, Enzo yana kiransu lokacin da ya so, su kuwa ba su taɓa ƙin amsawa don an saɓa musu ba.

A gwada wannan da borin Adar, wanda Nicole Echard ta daɗe tana nazari har ta fitar da littafi a kansa a 1989. Kalmomin kansu sun isa hujja. Iska ita ke hawa, mutum shi ne doki ko goɗiya. Ba mutum ke zaɓen iskarsa ba. Ita ke kama shi, galibi ta hanyar ciwo, sai an yi masa girka sannan su daidaita. Tana da takenta da mai goge zai kaɗa, tana da launin dabbar da take so, kuma Doguwar gida da aka gada tana iya juyowa kan masu ita in an yi sakaci da haƙƙinta. Dangantaka ce ta bashi da ladabi, irin ta bara da ubangida. A wasa, linzami yana hannun mai wasa daga farko har ƙarshe. Wasan da zai yi wa bori adalci sai ya yarda ya ƙwace linzamin nan daga hannunsa a daidai lokacin da ƙarfi ya sauko, abin da masu sayar da wasanni suke gudu, don mai saye ba ya son a hau shi.

Akwai kuma wata matsala da mai tsara wasa a Yawunde bai fuskanta kamar yadda na Illela zai fuskanta ba. A wurin mai wasa na Turai sihiri ado ne. A nan kuwa magana ce mai rai, wadda malamai suke hukunci a kanta, musamman tun da wa'azin Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ya tsallako iyaka. Sanya sunan iska ta gaske a kan maɓalli zai ɓata wa malam rai, ya kuma ɓata wa ɗan bori, kowanne da dalilinsa.

Wannan ya kawo mu ga aikin da ya fi shafar sashenmu, wato fassarar kalmomi. Ba mu goyon bayan a fassara mana da asiri, domin abin da aka rubuta adadinsa a allo ya daina zama asiri. Albarka kuwa ta fi muni, don ba a sayenta a kwalba. Muna ba da shawarar guzuri: abu ne da ake tanada kafin tafiya, ana ci yana raguwa, ana ƙaro shi a zango. Sort kuma a ce jifa, kamar yadda muka yi amfani da ita a wannan maƙala. Makari kuwa ba mu sama masa takwara ta kalma ɗaya a Faransanci ba, don contre-sort wata jifa ce ake mayarwa, alhali makari sani ne. A ɓangaren Faransanci na wannan maƙala mun bar shi da Hausarsa.