Labarin Mai Fitila: Abin da Ake Tsallakewa a Tarihin Aikin Jinya

Duk ranar 12 ga Mayu, ranar ma'aikatan jinya ta duniya, labari ɗaya ake maimaita mana a rediyo da Facebook da wuraren taro: Florence Nightingale, baturiya mai tausayi, wadda ta riƙa zagaya sojoji marasa lafiya cikin dare da fitila a hannu. Da shi kuma ake buɗe darasin farko na aikin jinya. Idan kana da ƙanwa ko 'ya da ta samu gurbi a kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta Birnin Kudu, tambaye ta, za ta ba ka shi tiryan-tiryan.

Labarin ba ƙarya ba ne, amma an yanke shi a tsakiya, kuma rabin da aka jefar shi ne mai ceton rai. Abin da ya rage a kan mutane shi ne cewa jinya tausayi ce da haƙuri da bin umarnin likita. Ƙorafina ke nan, kuma zan nuna maka cewa wannan gajeren labarin yana da illa har a ƙaramin asibitin ƙauye a Surko ko Gwaram.

Me ya faru a Scutari?

A watan Nuwamba na 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, Nightingale ta isa Scutari, wani yanki na birnin Istanbul, tare da mata 38. Barikin soja ne aka mayar asibiti. Sun yi wanki, sun gyara abinci, sun samo riguna da barguna. Duk da haka, a hunturun farko sojoji fiye da 4,000 suka mutu a wurin. Mafi yawansu ba raunin yaƙi ne ya kashe su ba. Taifot ne da kwalara da atini da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Fitilar tana nan, tausayin yana nan, mutane kuma suna ta mutuwa.

A watan Maris na 1855 gwamnatin Birtaniya ta turo kwamitin tsafta. Suka tarar ginin yana zaune a kan magudanan ƙazanta da suka toshe, har da mushen doki a hanyar ruwan da ake amfani da shi. Aka wanke magudanai, aka kwashe mushe, aka buɗe hanyar iska. Alƙaluman da aka fi ambata sun nuna mace-macen sun sauko daga kusan kashi 42 cikin 100 a Fabrairu zuwa kusan kashi 2 a Yuni. Wucewar sanyi da raguwar cunkoso su ma sun taimaka.

Girman Nightingale yana cikin abin da ta yi bayan ta koma gida. Ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr, suka bi alƙaluman mamatan wata bayan wata. A 1858 ta fitar da wani zane mai kama da kankanar da aka yanyanka, kowane yanki wata guda: shuɗi na waɗanda cututtukan da ake iya karewa suka kashe, ja na waɗanda rauni ya kashe. Shuɗin ya cinye zanen. Da shi ta matsa wa hukuma ta gyara barikoki da asibitoci. A shekarar ce ta zama mace ta farko a ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan, a 1860 kuma ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas. Cikin littafinta Notes on Nursing akwai babi guda sukutum a kan lura da marar lafiya. To, sau nawa ka ji an ambaci wannan zanen a jawabin 12 ga Mayu?

Tushen aikin: duba, auna, rubuta

Likita yakan zagayo, ya duba, ya rubuta magani, ya wuce. Nas ce ke tare da marar lafiya sauran sa'o'in. Aikinta na farko shi ne ta gane cewa jiki ya fara lalacewa tun kafin kowa ya gani, kuma da lambobi take gane hakan.

Babban mutum da ke hutawa, bugun jijiyarsa 60 zuwa 100 ne a minti, numfashinsa 12 zuwa 20, zafin jikinsa wajen digiri 37. Mai ciki idan awon jininta ya kai 140 bisa 90, alamar haɗari ce, domin yana iya kai ta ga jijjiga. Yaro ɗan wata 2 zuwa 11 mai tari, idan numfashinsa ya kai 50 a minti, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ana zargin namoniya. Agogo kawai wannan awon yake buƙata, da minti ɗaya cikakke.

Awo ɗaya kuma bai cika faɗin komai ba, jerinsu ne ke magana. Ɗauki misalin mace da ta haihu yanzun nan. Bugun jijiyarta 84, bayan rubu'in awa 96, sai 110, sai 120, alhali awon jininta bai motsa ba, tana ma hira da 'yan barka. Jikin mace mai ƙuruciya yana iya ɓoye zubar jini na ɗan lokaci: zuciya ta ƙara gudu, ƙananan jijiyoyi su tsuke, sai can daga baya jinin ya faɗi farat ɗaya. Wadda ta rubuta lambobin nan huɗu a jere za ta ga inda aka dosa. Wadda ba ta rubuta ba sai ta ga mace ta sume.

Sauran ginshiƙan ma haka suke, ba su da ban sha'awa a ido. Wanke hannu kafin taɓa marar lafiya da bayan taɓa shi. Juya wanda ba ya iya motsi duk bayan kamar awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Tabbatar da abu biyar kafin ba da magani: mutumin, maganin, adadin, hanyar, lokacin. Miƙa cikakken bayani ga wadda za ta karɓi aiki.

Hujja daga bincike

A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta sun duba asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka. Suka gano cewa duk marar lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. A 2014 aka sake irin binciken a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, aka samu kusan sakamako ɗaya. Nas mai gado ashirin ba ta fi mai gado shida mugunta ba. Lokacin dubawa ne ya yi mata kaɗan.

Ga kuma wanda ya fi kusa da mu. A 2023 aka wallafa sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Tambayar mai sauƙi ce: me zai faru idan ungozoma ta daina ƙiyasta jinin haihuwa da ido? Sai aka shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da layukan awo. Da jini ya nuna alamar wuce ƙima, wato wajen rabin lita, sai a yi komai a lokaci guda: murza mahaifa, allurar tsuke mahaifa, allurar tsayar da jini, ƙarin ruwa, da binciken inda jinin ke fitowa.

A asibitocin da aka ci gaba da yadda aka saba, kusan rabin masu zubar jini kawai aka gano. Inda aka yi amfani da ledar, an gano fiye da kashi 90 cikin 100. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko tiyata ko mutuwa, ya ragu da kashi 60 cikin 100. Magungunan ba sababbi ba ne. Awon ne sabo, da saurin aiki da shi. A ƙasar da ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, wannan ne labarin da ya kamata ya biyo bayan sunan Nightingale a aji.

Tarihinmu da ba a bayarwa

Idan aka zo kan Najeriya, darasin yakan koma haddar shekaru: hukumar ungozomomi 1930, majalisar ma'aikatan jinya 1947, haɗe su 1979, sashen digirin jinya a Jami'ar Ibadan 1965. Sai Kofoworola Pratt, wadda ta yi karatu a makarantar Nightingale ɗin kanta, ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan a 1964. Ɗaliba ta haddace, ta ci jarrabawa, shi ke nan.

Alhali ga labari a Arewa mai cike da darasi. A Janairun 1969 wata nas 'yar mishan, Laura Wine, ta kamu da baƙon zazzaɓi a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, tana da ɗan yanka a yatsa lokacin da take goge mata baki. Ita ma ta kamu, ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka, ta rayu, daga samfurin jininsu kuma aka gano ƙwayar cutar. Wato mutum ukun farko da kimiyya ta san zazzaɓin Lassa da su duk ma'aikatan jinya ne. Mu da muke iyaka da Bauchi, ɗaya daga jihohin da cutar ta fi addaba, babu darasin safar hannu da ya fi wannan shiga jiki.

Masu jawabinmu yanzu sukan ƙara da Rufaida Al-Aslamiyya, kuma sun kyauta. Sai dai ita ma yabo kawai ake yi a wuce. Littattafan sira sun nuna tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandak. Wuri ne da aka keɓe, da mai kula tsayayya, kusa da ido. Wannan tsari ne, ya kamata a koyar da shi a matsayin tsari.

Illar a Surko da Gwaram

Ta farko tana wurinmu, mu 'yan rakiya. Tunda ba a taɓa gaya mana awo aiki ne ba, da allura da ƙarin ruwa muke auna ma'aikacin lafiya. Wanda ya ƙirga numfashin yaro ya ce a wuce da shi Birnin Kudu yanzu-yanzu, sai ka ji an ce "bai iya komai ba, ko ruwa bai sa masa ba", a zarce kyamis. Ga mutumin Surko ko Sara ko Basirka, musamman da damina, tsakanin yanke shawara da isa Cibiyar Lafiya ta Tarayya akwai neman mota da kuɗin mai da hanya. Awa ɗaya da awo ya saya maka tana iya zama ita ce ran.

Ta biyu tana wurin hukuma. Idan jinya sadaukarwa ce zalla, nas da ta nemi safar hannu ko ma'aunin jini ko ƙarin ma'aikata sai a ga kamar ta faye son kai. A farkon 2024 magatakardan majalisar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa ya ce kimanin 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Ka tuna lissafin Aiken: marasa lafiyar duk wadda ta tafi, a kan wadda ta rage ake jibga su. Shi ya sa shirye-shirye irin su Women for Health, da ya fara a 2012 a Jigawa da Kano da Katsina da Zamfara da Yobe ya kuma riƙa share wa 'yan matan karkara fagen shiga makarantun lafiya don su koma garuruwansu, suke da muhimmanci. Amma a horar da yarinya a tura ta ɗakin da babu ruwan wanke hannu, an koma Scutari kafin zuwan kwamiti.

Ta uku ita ce biyayya. Nas da aka koya wa cewa ita 'yar aiken likita ce ba za ta ce "ranka ya daɗe, adadin nan ya yi wa yaron yawa" ba. Ita ce kuwa shinge na ƙarshe tsakanin kuskuren biro da jijiyar marar lafiya.

Kada ka ce na raina tausayi. Koken da mata ke yi na tsawa da wulaƙanci a ɗakin haihuwa gaskiya ne, kuma babu yawan aikin da zai wanke shi. Matar da aka daka wa tsawa ba za ta ce tana ganin jiri ba, cikin gaba ma a gida za ta haihu. Kyautatawa tana cikin aikin, sai dai ita kaɗai ba ta tsayar da jini.

Ga malamai da masu jawabi, roƙona a ajiye zanen 1858 kusa da hoton fitilar, a ba da labarin Lassa da na ledar awo. Kai kuma, ranar da ka raka wani asibiti, cikin ladabi ka tambaya: "Sista, nawa ne bugun jijiyarsa yanzu, nawa ne ɗazu?" Idan aka buɗe fayil aka nuna maka a rubuce, marar lafiyarka yana hannu mai kyau. Idan aka ce babu ma'auni ko babu mai aunawa, to ka san abin da za ka tambayi kansila da shugaban ƙaramar hukuma.