Jinjina Ga Masu Binciken Ciwon Daji

Duk wanda ya taɓa ganin tsohon mai lambu a durƙushe, gwiwa na ciwo, yana dashen da ƙila ba shi zai ci ba, ya san irin haƙurin masu binciken ciwon daji. Shekaru suke yi a ɗakin gwaji, ba a ko jin sunansu. Daga wani ɗan fure na Madagaska suka fitar da maganin vincristine, wanda Amurka ta amince da shi a 1963. Yau yara masu sankarar jini da dama suna warkewa da taimakonsa. Allah ya saka musu da alheri.

Aikin dai yana cin kuɗi. Gwamnatoci da masu hannu da shuni, don Allah kada ku janye musu tallafi.