Tsokaci a Kan Manufar Hukuma Game da Ma'aikatan Asibiti da Masu Ciwon Sukari: Misali Daga Rawayya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin tsokaci a kan yadda hukuma ke rarraba ma'aikatan lafiya, da kuma yadda rabon ya shafi mai ciwon sukari a gari irin Rawayya, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu ta Jihar Zamfara.

2.0 Tushen Manufar

Taron Alma-Ata na 1978 shi ya aza harsashin kiwon lafiya a matakin farko. Nijeriya ta rungumi tsarin cikin manufarta ta 1988, zamanin minista Farfesa Olikoye Ransome-Kuti. Aka danƙa ƙananan asibitoci ga ƙananan hukumomi, aka fi mai da hankali ga rigakafi da haihuwa da zazzaɓi. Babu shakka an yi abin yabo. Sai dai waɗannan larurori suna zuwa su wuce, ciwon sukari kuwa yana tare da mai shi muddin rai.

3.0 Inda Manufar Ta Gaza

Mai wannan ciwo yana bukatar a riƙa auna jininsa, a duba ƙafafunsa da idanunsa, a daidaita masa magani a kai a kai. To amma ƙwararrun likitoci sun fi taruwa a Gusau. Kafin manomin Rawayya ya gan su, sai ya biya kuɗin mota, ya bar gonarsa wuni guda, ga kuma fargabar hanya. Saboda haka yakan jinkirta har gyambo ya ci ƙafa. Ita ma allurar insulin ba ta jure zafi, sai da wurin sanyaya ta.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya na tushe. Dokar Kuɗi ta 2021 ta aza harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma ba ta keɓe kuɗin domin masu ciwon ba. Ke nan an karɓi haraji da sunan cuta, majinyaci bai gani a ƙasa ba.

4.0 Kammalawa

A ganinmu, ya kamata a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, musamman 'yan asalin yankin, su iya awo da duba ƙafa, a riƙa turo likita a ranar da aka tsayar, a kuma keɓe wani kaso na harajin nan domin sayen magani da kayan awo. Da haka ne mutumin Rawayya zai san halin da jininsa ke ciki tun ciwon bai kwantar da shi ba.