Kiɗa a Gurbin Sura: Nazari a kan Sautin Fim ɗin Ar-Risala

Gabatarwa

Fim ɗin Ar-Risala, wanda Mustafa Akkad ɗan asalin birnin Halab ya fitar a shekarar 1976, yana cikin finafinai ƙalilan da suka samu shiga gidajen Musulmi ba tare da an yi musu kallon baƙi ba. An ɗauke shi a Maroko da Libiya, sau biyu a tare: na Larabci, inda Abdullahi Gais ya fito a matsayin Sayyidina Hamza (RA), da na Ingilishi, inda Anthony Quinn ya ɗauki wannan matsayi. Muhawarar malamai a kansa ta fi karkata ga abin da ido yake gani, wato halaccin kwaikwayon sahabbai da hukuncin nuna Manzon Allah (SAW). Malaman Azhar sun duba rubutun labarin sun amince da shi, Rabiɗar Duniyar Musulmi da ke Makka kuwa ta ƙi amincewa da fim ɗin. Abin da bai samu irin wannan kulawa ba shi ne abin da kunne yake ji. Wannan maƙala tana duba kiɗan fim ɗin, kuma hujjarta ita ce: surar da aka hana ido ya gani, an bar kiɗa ya zana ta a cikin zuciyar mai kallo, alhali wannan zane ma yana buƙatar bincike.

Makaɗin da aikinsa

Wanda ya tsara kiɗan shi ne Maurice Jarre, Bafaranshe da aka haifa a birnin Liyon a 1924, ya rasu a 2009. Kafin Ar-Risala ya riga ya ci kyautar Oska sau biyu, a kan Lawrence of Arabia na 1962 da Doctor Zhivago na 1965. Kiɗan Ar-Risala ma ya shiga takarar wannan kyauta, sai dai a bikin 1978 John Williams ne ya ɗauke ta da kiɗan Star Wars. Akkad ya sake neman Jarre a fim ɗinsa na Umar Mukhtar, abin da ke nuna ya gamsu da aikin farko.

Adalci ya wajabta a fara da inda aikin ya yi kyau. Fim ɗin yana buɗewa da mahaya uku suna keta hamada, ɗauke da wasiƙun kira zuwa ga sarkin Rum da na Farisa da shugaban Masar. Ganguna da ƙahonnin tagulla suna tafiya da gudun dawakin, har mai kallo ya fahimci nauyin saƙon tun kafin a buɗe wasiƙa ko ɗaya. A wurin azabtar da Musulmin farko kuwa kiɗan yana sassautowa, ba ya cika kunne da kuka, yana barin haƙurin Bilal da iyalan Yasir (RA) ya bayyana da kansa. Haka nan a wurin gina masallacin Madina, amon kiɗan yana bin motsin masu ɗaukar tubali, kuma wannan yana da madogara a tarihi, domin ya tabbata cewa sahabbai suna rera baitoci a lokacin wannan aiki. A waɗannan wurare kiɗan bawa ne ga labari, ya san iyakarsa.

Hamada a kunnen Bature

Babban zaren kiɗan, wanda yake ta dawowa daga farkon fim zuwa ƙarshensa, an gina shi a kan salon da ya kusanci maƙamin Hijaz. Alamar wannan maƙami ita ce tazara mai faɗi tsakanin matakinsa na biyu da na uku, kuma da shi ladanai da yawa a Makka da Masar da Sham suke kiran salla. Shi ya sa kunnen Musulmi yake jin kamar ya san wannan sauti tun da daɗewa.

Sai dai akwai wani dalili na biyu. Hijaz yana cikin maƙaman da kayan kiɗan Turawa suke iya kusanta cikin sauƙi, saɓanin Rast da Bayati waɗanda ke da matakan da suka faɗa tsakanin maɓallan fiyano. Don haka tun kafin Jarre, makaɗan Turai sun mayar da wannan tazara tambarin Gabas, duk inda ake son nuna raƙumi da rairayi da kasuwar bayi. Wanda ya saurari kiɗan Lawrence of Arabia sannan ya saurari na Ar-Risala zai ji dangantakar jini a tsakaninsu: gogen Turawa masu yawa suna tashi tare don nuna faɗin hamada, ganguna suna sanar da yaƙi. Labarin farko na wani jami'in sojan Birtaniya ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, na biyu kuwa labarin wahayi ne, amma tufar sautin kusan daga saƙa ɗaya aka yanko ta. Wannan ba ya nuna mugun nufi daga makaɗin. Yana nuna cewa Makkar da ake ji a fim ɗin Makka ce kamar yadda ɗakin kiɗa na Turai ya hango ta, kuma Musulmi da yawa sun karɓi wannan hange a matsayin sautin tarihinsu.

Gurbin da kiɗa ya cike

Matsalar da ta fi nauyi tana wurin da fim ɗin ya fi taka-tsantsan. Ba a nuna Manzon Allah (SAW) ba, ba a ji muryarsa ba, haka ma matansa da halifofinsa huɗu. Idan labari ya kai inda yake, kyamara ce take tsayawa a wurinsa, 'yan wasa su dube ta su yi magana, wani ya maimaita abin da aka ce ya faɗa. A irin wannan lokaci ne wani sauti mai laushi, mai kama da na ogan ɗin majami'a, yake shigowa ya sanar da mai kallo cewa yana nan. A faifan kiɗan fim ɗin ma akwai yanki guda da aka sa wa suna da ma'anar halartarsa.

Dalilin hana kwaikwayon Annabawa bai tsaya ga fuska kaɗai ba. Abin tsoron shi ne wani abu ƙirƙirarre ya manne da ambatonsu a zuciyar mutane, har ya zama idan an ambace su shi ne yake fara zuwa. Idan haka ne, to sauti ma yana iya yin wannan aiki, wani lokaci fiye da hoto, domin ido yana iya kau da kai amma kunne ba shi da marufi. Fuskar ɗan wasa kowa ya san ta ɗan wasa ce. Sautin kuwa yana shiga ba tare da an tambaye shi izini ba, ya zaɓa wa mai kallo irin shauƙin da zai ji.

Al'umma ta daɗe da hanyar sanin Manzonta. Imam Tirmizi ya tattara siffofinsa a Shama'il, Alƙali Iyad ya bayyana haƙƙoƙinsa a Ash-Shifa, a ƙasar Hausa kuma Ishiriniyar Alfazazi ta raini bege a zukatan yara da manya. Duk waɗannan da kalma aka gina su, kuma kalma ana iya bin sanadinta, a auna ma'anarta, a gyara ta idan ta wuce iyaka. Kiɗa ba shi da sanadi, ba ya kuma faɗin abin da za a ce ya inganta ko bai inganta ba.

Tarihin kiran salla yana ƙara haske a nan. Lokacin da sahabbai suka yi shawara a Madina kan yadda za a tara mutane, an kawo batun ƙararrawa irin ta Nasara da ƙaho irin na Yahudawa, aka bar su, aka tsaya a kan muryar ɗan Adam mai ɗauke da kalmomi, bayan mafarkin Abdullahi ɗan Zaidu (RA). Fim ɗin ya nuna wannan shawara, sannan shi da kansa ya koma ya zaɓi abin kiɗa ya zama alamar mafi girman halitta.

Matsayin saɓanin malamai

Saɓani a kan kayan kiɗa tsoho ne. Ibn Hazm ya halatta su, ya soki hadisin Bukhari da ake kafa hujja da shi, Ibn Salah ya mayar masa da martani. Imam Gazali ya keɓe babi a Ihya inda ya rataya hukuncin sauraro a kan halin mai sauraro da abin da yake motsawa a zuciyarsa, Ibn Ƙayyim kuwa ya tsananta hani. Wanda ya bi masu hani, maganar kiɗan Ar-Risala ta ƙare a wurinsa tun daga tushe. Amma wanda ya bi masu sassauci ma bai tsira daga tambayar ba, domin halatta kiɗa a biki ko a fagen fama daban yake da naɗa shi wakilin Annabi. Ma'aunin Gazali shi ne ya fi tsananta a nan, tunda abin da sautin yake motsawa shi ne mafi tsarkin abin da ke zuciyar mumini.

Kammalawa

Kiɗan Jarre aiki ne na gwani, kuma ya yi wa labarin hidima a inda ya raka mahaya da masu hijira da maginan masallaci. Ya zarce iyakarsa a inda aka ɗora masa aikin da shiru ya fi cancanta da shi. Da an bar waɗannan wurare ba sauti, da rashin ya koya wa mai kallo ladabin da hanin yake nufi tun farko. Darasin ya shafi yau, domin ana ɗora irin wannan sauti a ƙarƙashin gajerun bidiyon wa'azi da na tarihin Annabi da ke yawo a wayoyi, a ƙasar Hausa da sauran ƙasashen Musulmi. Malaman da ake kai wa irin waɗannan ayyuka don dubawa, bai kamata su tsaya ga karanta rubutu da duba fuskoki ba. Ya kamata su saurara, su tambayi wurin da kiɗa yake shigowa da abin da aka sa shi ya wakilta. Allah ne Mafi sani.